Ciwon Kafaɗa: Tsokar da Ke Riƙe da Allon Kafaɗa da Yadda Ake Ƙarfafa Ta

A ɗakin shan maganin da nake aiki, wanda bai yi nisa da kan iyaka ba, da wuya mako ya wuce ban ga mai ciwon kafaɗa ba. Mafi yawansu mutanen kasuwa ne: ɗan dako mai sauke buhuna daga mota, mai tura kurar ruwa, tela, ɗan kabu-kabu da ke wuni riƙe da kan babur, da matan gida masu daka da jan guga. Kokensu kusan iri ɗaya ne. Hannu yana aiki lafiya muddin yana ƙasa, amma da zarar an ɗaga shi ya kai daidai kafaɗa, sai zafi ya soki mutum kamar an caka masa tsinke. Da dare kuma ba dama a kwanta ta wannan gefen. Idan na ce su nuna mini inda ke ciwo, sai su dafa saman kafaɗa ko gabanta. Ni kuwa sai in zagaya in duba bayansu, domin sau da yawa a can tushen matsalar yake, wurin da mai ciwon bai taɓa gani da idonsa ba.

Ƙashin da ke yawo a kan haƙarƙari

Ƙashin cinya yana zaune a cikin gurbinsa kamar taɓarya a turmi, shi ya sa ba ya gocewa da sauƙi. Ƙashin damtse ba haka yake ba. Kansa dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa ƙarami ne marar zurfi, kamar ƙwai da aka ɗora a cokali. Wannan ne ya ba hannu damar kaiwa sama da baya da kowane gefe, kuma shi ne ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa.

Shi wannan gurbi a jikin allon kafaɗa yake, wato faffaɗan ƙashin nan da ke kwance a bayan haƙarƙari. Abin mamaki shi ne allon ba shi da gaɓar da ta haɗa shi da ƙashin baya. Ƙashi ɗaya tak yake jingine da shi, siririn ƙashin nan da ya taso daga ƙirji ya biyo ta gindin wuya zuwa kafaɗa. Ban da wannan, tsokoki ne kawai suke riƙe da shi, guda 17, kowace tana ja ta nata gefen, kamar rumfar kasuwa da aka ɗaure da igiyoyi. Igiya ɗaya ta saki, rumfa ta karkace ko da sauran suna nan daram.

Idan mutum ya miƙa hannu sama har ya tsaya kusa da kunne, kusan kashi biyu cikin uku na wannan motsi daga gaɓar kafaɗa yake fitowa. Ragowar kashi ɗayan allon ne yake juyawa ya bayar. Kowa na iya gwada wannan a gida: a dafa bayan yaro, a ce ya ɗaga hannu a hankali, za a ji ƙasan allon yana zamewa zuwa gefen hammata. Muhimmancin juyawar nan shi ne, a saman kan damtse akwai wani rufin ƙashi da ya fito daga allon, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kamar santimita 1 ba. Ta cikin wannan ƴar rata jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi suke wucewa. Idan allo ya juya a kan lokaci, rufin yakan kauce ya ba su hanya. Idan ya makara, ko ya rusuna gaba, sai jijiyoyin su takura su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu. A yi haka sau ɗaruruwa a wuni, kwanaki su zama watanni, sai ga ciwo.

Jelar ɗankwali

Tsokar da ake magana a kanta sunanta tirafiziyas a littattafan likitanci. Ni nakan kwatanta ta ga marasa lafiya da ɗankwali mai kusurwa huɗu da aka rataya a baya: kusurwa ɗaya a ƙeya, biyu a kan kafaɗun dama da hagu, ta huɗun kuma ta sauka ta bi ƙashin baya har daidai haƙarƙarin ƙarshe. Kashi uku ce. Na sama shi ne wanda ke ɗage kafaɗa zuwa kunne, wanda kowa ya sani domin shi ne ke sagewa idan an gaji. Na tsakiya yana jan allunan biyu su kusanci juna. Na ƙasa, wanda zan riƙa kira jelar ɗankwali, yana tasowa daga ƙasan rabin ƙasusuwan baya 12 masu ɗauke da haƙarƙari, ya hau a karkace ya kama allon. Aikinsa shi ne ya ja allo ƙasa, ya kwantar da shi a kan haƙarƙari, ya kuma taimaka wajen juya shi idan hannu zai hau sama. Yana yin wannan aiki ne tare da na sama da kuma wata tsoka da ke manne da haƙarƙari a ƙarƙashin hammata.

Wani ɗan dako da na taɓa gaya wa cewa wannan tsoka tasa ta yi rauni, dariya ya yi. Ya ce, "Haba Malama, ni da nake saɓa buhu mai kilo 100?" Na ce, "To Malam, kwanta a nan rub-da-ciki ka miƙa hannu gaba, ka ɗaga shi daga katifa." Hannu kawai, ba komai a cikinsa. Kafin in ƙirga goma hannun yana karkarwa, kafaɗa ta haye kunne.

Ba lalaci ba ne, yanayin aikin ne. Kusan duk aikin kasuwa da na gida a gaba ake yin sa: tura baro, tuƙin tuwo, ɗinki, wanki, awon hatsi. Tsokokin ƙirji da na saman kafaɗa su ke samun wannan horo kullum, sai su yi ƙarfi su kuma gajarce, su ja kafaɗa gaba da sama. Jelar ɗankwali kuwa ta wuni a miƙe ba a neme ta ba. Sannan shi kansa ciwo yana ƙara lalata lamarin, domin mai jin zafi yakan ɗage kafaɗa ya kare ta ba tare da ya sani ba, jiki kuma ya saba da haka. Wanda ya yi makonni da hannu a rataye bayan karaya, nasa ya fi sauri.

A gida ana iya ganin alamar. Mutum ya tuɓe riga, wani ya tsaya a bayansa, ya ɗaga hannuwa biyu sama ya sauke a hankali sau biyar. A lura ko kafaɗa ɗaya tana riga ɗaya hawa wajen kunne, ko kuma gefen allo yana ɓullowa waje kamar fiffike, musamman lokacin saukewa.

Ba kowane ciwon kafaɗa ne na tsoka ba

Wannan sashe ya fi duk abin da zai biyo baya muhimmanci, don haka a karanta shi kafin a fara wani motsi. Akwai cututtukan cikin jiki da ke aiko da zafinsu kafaɗa alhali ita lafiyarta lau. Ciwon kafaɗa ko hannu, musamman na hagu, da ya zo da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, yana iya zama ciwon zuciya. Macen da al'adarta ta makara, ta ji ciwon mara da jiri, sannan ƙarshen kafaɗarta ya kama ciwo, a kai ta asibiti a wannan sa'ar: yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini yana zuba a cikin ciki. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Ciwon kafaɗar dama tare da zazzaɓi da zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yakan fito daga hanta ko maɗaciya.

Haka nan gaɓar da ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, da ciwon da ya zo da rama da gumin dare ko tari mai daɗewa, duk na asibiti ne. Mai sikila ma kada ya ɗauki ciwon kafaɗar da ya ƙi tafiya da wasa, domin kan ƙashin damtse yana cikin wuraren da jini ke yankewa ƙashi ya lalace. Wanda ya faɗi daga babur ko mota, ya kasa ɗaga hannu, ko siffar kafaɗar ta canja, ko yatsu suka mutu, hoton ƙashi yake bukata, wanda a Nijar ake cewa radiyo. Akwai kuma sandarewar kafaɗa, inda ko wani ne ya kama hannun ya ɗaga ba ya tafiya. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60 da masu ciwon sukari, takan ɗauki shekara ɗaya ko fiye, kuma kulawarta daban ce.

Bari in ƙara wani abu da ba kowa ya sani ba. Jijiyar da ke kai wa wannan tsoka saƙo daga ƙwaƙwalwa tana bi ta gefen wuya ne, dab da fata. Tsaga ko yankan kaluluwa a wannan wuri na iya tsinke ta, kafaɗa ta zube, hannu ya kasa hawa sama. Kumburin gefen wuya ba na aska ba ne.

Yadda ake horar da ita

Ba a bukatar kayan ƙarfe ko kuɗi. Tabarma, bango, ɗan tsumma da robar cikin tayar keke sun isa. Ka'ida ɗaya ce ke bin dukkan motsin: kafaɗa ta yi nesa da kunne, wuya ya saki. Idan aka ji aikin a saman kafaɗa ko a wuya, to tsohuwar tsokar ce ta sake ƙwace aikin, sai a tsaya a gyara.

Ana farawa da koya wa jiki inda tsokar take. A zauna a miƙe a kan benci, hannuwa a kan cinya. A ja allunan kafaɗa baya kaɗan, sannan ƙasa, kamar ana so ƙasan kowane allo ya gangara zuwa ƙugun ɗaya gefen. A riƙe a ƙirga biyar ana numfashi, a saki. Sau 10. Kuskuren da na fi gani shi ne matsewa da ƙarfi har ƙirji ya turo gaba baya ya lanƙwashe, kamar soja a fareti. Abin bai kai haka ba, motsi ne ɗan kaɗan, kuma wanda ke kallo da ƙyar zai gane ana yin wani abu. Wannan ana iya yin sa a rumfa ana jiran masu saye, sau uku ko huɗu a wuni.

Bayan kwana uku ko huɗu, idan an gane shi, sai a ƙara da na bango. A fuskanci bango, a jingina hannuwa daga gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa, tafukan suna kallon juna. A zame su sama a hankali suna buɗewa, har inda zafi bai hana ba, sannan a sauke a hankali. Saukewar ta fi hawan muhimmanci, kada a bar hannu ya faɗo. Idan bangon ƙasa ne mai kaushi, a sa tsumma a ƙarƙashin hannu.

Na uku shi ne na kwanciya a gefe, kuma shi na fi ba wanda wuyansa ke saurin sagewa, domin yana sa jelar ɗankwali aiki ba tare da ya tayar da ta sama sosai ba. A kwanta a kan gefen da ke lafiya. A naɗe tsumma a sa tsakanin haƙarƙari da gwiwar hannun da ke ciwo, a lanƙwasa gwiwar, tafin hannu yana gaban ciki. A ɗaga tafin zuwa sama kamar ana buɗe ƙyaure, gwiwar tana nan a kan tsumma ba ta tashi ba. Da farko hannu kawai. Bayan mako guda a riƙe ledar ruwan sha ta rabin lita, nauyinta rabin kilo ke nan. Wanda ya fi son tsayuwa yana iya yin irinsa da roba: gwiwoyin hannu manne da jiki, tafuka suna kallon sama riƙe da robar, a buɗe su waje tare da jan alluna baya da ƙasa.

Na huɗu shi ne babbansu, wanda na gwada ɗan dakon nan da shi. Masu bincike da suka auna aikin tsokoki da na'urar lantarki sun samu cewa yana cikin motsin da suka fi sa wannan tsoka aiki, domin hannu yana miƙe ne daidai da yadda zarenta ya kwanta. A kwanta rub-da-ciki, a sa naɗaɗɗen tsumma a ƙarƙashin goshi. A miƙa hannuwa gaba a buɗe, jiki ya yi siffar gwafa, manyan yatsu suna kallon sama. A fara jan alluna ƙasa tukuna, sannan a ɗaga hannuwa daga tabarma kamar faɗin tafi ɗaya, a ƙirga uku, a sauke. Kai ba ya tashi, ƙugu ba ya lanƙwashewa. Wanda ya yi 5 masu kyau ya fi wanda ya yi 20 da kafaɗa a kunne. Idan hannu bai kai can sama ba saboda zafi, a fara da shi a shimfiɗe a gefe, ko ma a kusa da cinya, a riƙa matsawa sama mako bayan mako. Mace mai ciki, da duk wanda kwanciya rub-da-ciki ke wahalarwa, su tsaya su dafa tebur da hannu ɗaya, su sunkuya kaɗan, su yi da ɗayan.

Na bango da na gefe da na gwafa ana yin su kwana uku a mako, ana tsallake kwana ɗaya a tsakani. Kowanne sau 10, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. Duka bai wuce minti 15 ba. Ɗan zafi ko gajiya lokacin yi ba laifi ba ne, in dai ya lafa kafin washegari. Zafi mai suka, ko wanda ya hana barci a daren, alama ce an wuce gona da iri, sai a rage nisa ko nauyi maimakon a daina gaba ɗaya. Yawanci sai an yi kamar makonni 6 ake ganin canji na sosai, ƙarfi kuwa yakan nemi makonni 12. A nan ne mutane da yawa suke sarewa: ciwo ya ɗan lafa a mako na biyu, sai a ajiye, bayan wata guda a dawo da shi.

Bayan gocewa ko karaya

Wanda kafaɗarsa ta goce aka mayar, ko ƙashi ya karye, lokacin fara motsi ba shi zai yanke wa kansa ba, wanda ya duba hoton ne zai faɗa. Amma akwai abin da ya kamata a sani. Bayan gocewa akan rataye hannu na ƴan kwanaki zuwa kamar makonni 3, komawa aikin ƙarfi kuwa yakan kai wata 3 zuwa 4. Samari ƴan ƙasa da shekara 25 su suka fi fuskantar sake gocewa, don haka su suka fi bukatar wannan horo, su ne kuma suka fi gaggawar komawa ƙwallo da dako. A makonnin farko a guji ware hannu gefe tare da mayar da shi baya kamar mai shirin jifa, domin ta nan kan damtse ya fi fita. Ke nan motsin gwafa sai daga baya. Siririn ƙashin gindin wuya, idan ya karye, yakan haɗe cikin makonni 6 zuwa 12 ga babba, yara kuwa sun fi sauri.

Ko hannu yana rataye, ana motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu kullum, kuma galibi akan yarda a yi motsin farko na jan allo. Na san da yawa wajen maɗori suke fara zuwa, kuma faɗa ba zai hana ba. Abin da nake roƙo biyu ne: a ɗauki hoto tukuna, kuma idan bayan ɗauri yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canja launi ko suka mutu, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti.

Ƙwayoyi, ƙaho da komawa aiki

Maganin kashe zafi yana da amfaninsa, yana ba mutum damar barci da motsa hannu. Babba yana iya shan farasitamol mai miligiram 500 guda biyu a lokaci ɗaya, kada ya wuce guda 8 a cikin awa 24. Diklofenak da ibufurofen da ake saye a tebur, idan aka daɗe ana sha, suna cin ciki suna kuma taɓa ƙoda, ba su dace da mai gyambon ciki ko mai ciki ba. Tiramadol da wasu ƴan dako ke haɗiya don su iya wuni suna aiki ya fi su haɗari: yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kawo farfaɗiya idan an yawaita, sannan yana rufe zafin da ke gargaɗi a ci gaba da yaga jijiya. Ƙaho da gashi da ruwan ɗumi da tausa suna iya sassauta sagewa na ɗan lokaci, amma ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan.

Na san ba wanda zai rufe rumfa wata uku saboda kafaɗa, abincin gida daga nan yake fitowa. Sai dai a gyara yadda ake aikin. Kaya ya kasance kusa da jiki lokacin ɗagawa, domin abin da aka riƙe da miƙaƙƙen hannu nauyinsa a kan kafaɗa ya ninka. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, gara a raba ruwan gida biyu a hannu biyu da a rataye ta a hannu ɗaya. Kayan da aka fi saye a sauko da su daga saman kanta zuwa daidai ƙirji. Mai ɗaukar kaya a ka ya nemi wanda zai ɗora masa ya kuma sauke masa, ya riƙa sauya hannun da ke tallafe da kayan. Tela ya matso da kujera kusa da keke don kada ya wuni a miƙe gaba. Wanda ya tashi daga rauni ya fara da rabin nauyin da ya saba, ya ƙara kaɗan kowane mako, idan ciwon dare ya dawo ya koma matakin baya.

Idan an yi makonni 6 ana bin wannan tsari ba fashi kuma ba a ga wani sauƙi ba, ko hannun yana ƙara rauni, a dawo ɗakin shan magani da wannan takarda a hannu. Za a sake dubawa, in da bukata a rubuta takardar zuwa babban asibiti wajen masu gashin ƙashi, waɗanda a Nijar ake kira kine.